Amsa ga mai neman garin zama a gefen Shikago

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Barka da samun aiki, Allah ya sa albarka. Na ga tambayarka: ofis a tsakiyar Shikago, iyali da yara 'yan firamare, kana son zama a ɗaya daga cikin garuruwan da ke kewaye da birnin, amma labarin wariyar launin fata a harkar gidaje ya sa ka rasa inda za ka dosa. Wasu sun ce ka bi inda baƙar fata suka fi yawa ka huta, wasu sun ce ka bi makaranta mai kyau ko da kai kaɗai ne baƙi a layin. Na daɗe a yankin nan, na yi haya na kuma saya, ga abin da na gani.

Da farko ka cire wa ranka cewa don kai ɗan Afirka ne abin ba zai shafe ka ba. Dillali da mai gidan haya ba sa tambayar fasfo. Fata suke gani, in kuma uwargida tana sa hijabi, abu ya zama biyu.

Tsoron naka yana da tushe. A 1951 wani tsohon soja baƙar fata, Harvey Clark, ya kama haya a Cicero, dubban mutane suka far wa ginin, sai da gwamna ya turo sojojin jiha. A 1959 wani kamfani ya fara gina gidajen da zai sayar wa kowa da kowa a Deerfield, garin ya karɓe filin wai zai yi wurin shaƙatawa. Dokar tarayya da ta haramta wariya a sayar da gida ko haya ba ta zo ba sai 1968. Amma tsohon labari kaɗai ba zai zaɓa maka gari ba. Cicero ɗin nan yau mafi yawan mazaunanta 'yan asalin Meziko ne da makwabtanta. Abin da nake dubawa shi ne me gari ya yi da kansa bayan rigimar.

Ɗauki Oak Park. A 1950 an yi yunƙurin ƙona gidan da masanin kimiyya Percy Julian ya saya a can. Daga baya mutanen garin suka ga abin da ya faru da Austin, unguwar Shikago da titi ɗaya ya raba su. Dillalai ke bin Turawa gida-gida suna cewa baƙaƙe na shigowa, ku sayar tun gidanku bai faɗi ba. Su saya da arha, su sayar wa baƙaƙe da tsada. Cikin 'yan shekaru unguwar ta juye kaf. Sai Oak Park ta kafa dokar hana wariya tata a 1968, a 1972 ta hana kafa allon "na sayarwa" a ƙofar gida don kada a riƙa tsorata makwabta, aka kuma buɗe wata cibiya mai taimaka wa masu neman haya su bazu ko'ina cikin garin, kada kowane launi ya tare gefe guda. Har yau garin a cakuɗe yake. Ba aljanna ba ce fa. Gida da tsada, haraji da nauyi, kuma an daɗe ana muhawara kan yadda sakamakon yara baƙaƙe ke ƙasa da na Turawa a sakandarensu. Sai dai aƙalla a fili ake maganar.

Sai garuruwan kudu, irin su Matteson, Olympia Fields da Country Club Hills, inda baƙar fata masu rufin asiri suka fi yawa. Gida babba, kuɗi da sauƙi, babu mai ɗaga labule yana leƙenka in ka fito da babbar riga ranar Juma'a. Wannan kwanciyar hankali ba ƙaramin abu ba ne, kada kowa ya raina maka shi. Amma kafin ka sa hannu nemi takardar harajin gidan. A jiharmu ta Illinois harajin gidaje ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin makarantu. Garin da ba shi da manyan shaguna da kamfanoni, gidajensa kuma ba su da tsada, dole ya ɗaga kason da yake karɓa, shi ya sa Park Forest take cikin masu kaso mafi tsanani a gundumar Cook. Sai ka ga gidan da ya fi arha shi ya fi cin kuɗi duk wata. Ga kuma ranar sayarwa: binciken cibiyar Brookings na 2018 ya nuna ana yi wa gidajen unguwannin baƙaƙe farashi ƙasa da takwarorinsu da kusan kashi 23 cikin ɗari. An ba ka da dama, an karɓe da hagu.

Lokacin da nake neman gida, wata dillaliya ta turo min jerin gidaje, duk a kudu, alhali na faɗa mata aikina a arewa yake. Da na ambaci wani gari sai ta yi murmushi ta ce tana ganin ba zan "sake" a can ba. Ban yi musu da ita ba, na canja dillali. Wannan karkatar da mai saye haramun ne a doka, kuma kana da shekara ɗaya ka kai ƙara ma'aikatar gidaje ta tarayya. Ka riƙa neman komai a rubuce.

Shawarata, kada ka saya a shekarar farko. Yi haya tukuna. Je ka tsaya a bakin makarantar firamare lokacin tashi, ka kalli yaran, ka kalli malaman, ka ga ko iyayen na gaisawa ko kowa ya ja nasa gefe. Shafin Illinois Report Card yana nuna sakamakon kowace makaranta a rarrabe bisa launi; na yara baƙaƙe za ka duba, don nan za a lissafa naka. Sannan garuruwa da yawa suna sa zaman majalisarsu a YouTube. Nemo ranar da aka tattauna gina gidajen haya masu rahusa, ka saurara da kyau. Ba wanda zai ambaci launi. Cunkoson motoci za ka ji, da "yanayin garinmu zai canja". Yawan masu tafi in an faɗi haka ya ishe ka amsa.

Batun addini kuma: akwai manyan masallatai a Bridgeview, Villa Park da Morton Grove, kusanci da su yana rage kaɗaici, musamman da azumi. A Oktoban 2023 wani mai gida a yankin Plainfield ya kashe yaro Bafalasɗine ɗan shekara 6, ɗan matar da ke haya a gidansa. Ban ɗora wa garin laifin mutum ɗaya ba, amma tun daga nan nake hana namu kama ɗaki a gidan da mai shi ke ciki, sai in an san shi sosai.

Da ni ne kai, da haya zan fara a Oak Park, ko Skokie, ko Homewood da Flossmoor, waɗannan biyun su ma a cakuɗe suke kuma jirgin ƙasa na Metra na bi ta cikinsu. Faɗa min tashar da ta fi kusa da ofis ɗinka da abin da za ka iya biya a wata, sai in rage maka jerin. Ka lissafa da sanyin Janairu, don tsayuwar jiran jirgi a lokacin ba wasa ba ce. A gaida iyali.