Shago na biyu a Misfala, ko ajiya don ranar da alhazai ba su zo ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da gidan abinci a unguwar Misfala da ke Makka, kusan duk cinikina na alhazan Najeriya da Nijar ne. Ɗana yana so mu zuba ribar bana gaba ɗaya mu kama shago na biyu, yana cewa irin abin da ya faru a 2020, lokacin annobar korona, sau ɗaya ake ganinsa a rayuwa. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Yaya zan yi tanadin abin da da wuya ya auku ba tare da na daskarar da jarina ba? — Mai gidan abinci, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Wataƙila ɗanka yana da gaskiya, amma ba a nan lissafin yake ba. Ku bar gardamar ko annoba za ta dawo, ku tambayi kanku wata nawa gidan zai iya ɗauka babu ciniki. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka dakatar da Umrar baƙi. Hajjin da ya tara kusan mutum miliyan 2.5 a 2019 ya koma na 'yan tsiraru mazauna ƙasa, a 2021 ma mutum 60,000 kacal aka amince wa. Kaka biyu ke nan a jere. Ana cikin haka, ranar 1 ga Yulin 2020, harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 15.

Ba sai annoba ba. Gobara, rushe unguwa ko faɗuwar naira duk ɓarna ɗaya suke yi: kujeru babu kowa, haya kuma tana tafiya. Riyal a ɗaure yake da dala a kan riyal 3.75 kowace dala, don haka idan naira ta zube, kamar yadda ta yi daga Yunin 2023, guzurin alhaji ne ke ƙanƙancewa, kuɗin kajinka da na shinkafa suna nan yadda suke.

Ka rubuta abin da dole ka biya kowane wata ko da tukunya ba ta hau wuta ba: haya, albashi, sabunta iƙama (takardar izinin zama) da lasisi, wuta da ruwa. Ka ninka sau shida, wannan mafi ƙaranci ne. Mai dogaro da kaka ɗaya, a ganinmu, sau goma sha biyu ya kamace shi. A ajiye a asusu dabam, da riyal. Inda aka fi faɗawa rami shi ne lissafa bashin da ake bin wakilan alhazai a matsayin ajiya. Ranar da jirage suka tsaya su ma aljihunsu ya bushe, wayarka ma da ƙyar su ɗauka. Buhunan da ke sito su ma ba ajiya ba ne, karyar da su za ka yi a lokacin da kowa ke karyarwa.

Abin da ya saura bayan wannan shi ne na shago. Sai dai idan a Misfalar zai kasance, masu cin abincin kuma alhazan nan ne dai, hayarka ka ninka, haɗarin bai ragu ba. Gara unguwar da mazauna gari ke saye duk shekara. Ka nemi biyan haya kashi-kashi, a rubuta shi cikin yarjejeniyar Ejar, wato tsarin gwamnati na rajistar haya, kada a tsaya kan alkawarin baki.

Kai da ɗanka ku rubuta tun yanzu: idan ciniki ya faɗi da rabi wata biyu a jere, wane shago za a fara rufewa, kuma wa ke da ikon taɓa ajiyar. Inshorar gobara tana da amfani, amma ka sa a karanta maka shafin abubuwan da aka keɓe, domin da yawa ba sa biyan asarar rufewa saboda annoba.