Me ya sa Taiwan ba ta da jakada a Abuja?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ji an ce Taiwan tana da shugabanta da sojojinta da kuɗinta. To me ya sa babu ofishin jakadancinta a Abuja, alhali ga na ƙasar Sin? Kuma su biyun suna magana da juna kuwa? Daga wani mai karatu a Kubwa.

Amsa: Barka kadai, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne. Tsibirin yana da mutane kusan miliyan 23, su ke zaɓen shugabansu, su ke buga fasfonsu. Rikicin ya faro ne a 1949, lokacin da 'yan gurguzu ƙarƙashin Mao Zedong suka ci yaƙin basasar Sin, gwamnatin Chiang Kai-shek da suka kayar ta tsere ta tsallaka ruwa zuwa Taiwan. Daga nan kowace gwamnati ta ce ita ce halastacciyar gwamnatin Sin baki ɗaya. A Oktoban 1971 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Beijing kujerar Sin da ƙuduri mai lamba 2758. Najeriya ma ta riga ta ƙulla hulɗa da Beijing tun watan Fabrairun shekarar.

Sharaɗin Beijing ɗaya ne, ba ta sassautawa: duk wanda zai yi hulɗar jakadanci da ita, to ya yanke da Taipei, babban birnin Taiwan. Shi ya sa a duk faɗin Afirka ƙasar Eswatini kaɗai ta rage tare da Taiwan, bayan Burkina Faso ta juya a 2018. Abin da Taiwan ke da shi a nan ofishin ciniki ne, kuma shi ɗin ma a Janairun 2017, lokacin da ministan harkokin wajen Sin, Wang Yi, ya kawo ziyara, gwamnatin Buhari ta ce ya tattara ya koma Legas. Wanda ke gina maka layin dogo, ai ba ka so ransa ya ɓaci.

Batun magana tsakaninsu shi ne mai ban sha'awa. Aika jakada tamkar amincewa ce cewa ɗayan ƙasa ce mai cin gashin kanta, don haka a farkon shekarun 1990 kowane ɓangare ya kafa wata ƙungiya da a takarda ba ta gwamnati ba ce, amma gwamnati ke ba ta umarni. Su ke zama su sa hannu kan yarjejeniyoyi, har da ta ciniki ta 2010. Ko da Xi Jinping na Sin ya gana da Ma Ying-jeou, shugaban Taiwan na lokacin, a Singapore a 2015, babu wanda ya kira ɗan'uwansa shugaban ƙasa.

Wannan ƙofar Beijing ta rufe ta a 2016, da Tsai Ing-wen ta hau mulkin Taiwan ta ƙi amincewa da abin da ake kira fahimtar 1992, wato cewa Sin ɗaya ce. Ciniki bai tsaya ba, Sin na cikin manyan abokan cinikin Taiwan har yanzu. Amma jiragen yaƙin Sin na yawan shawagi kusa da tsibirin, kuma ni abin da ya fi damuna shi ne idan aka yi karo a sama bisa kuskure, babu tsayayyar hanyar da shugabannin za su kira juna.