Horon Ba da Kariya ga Namun Daji a Kurmin Ƙasashen Waje: Yadda Ake Gane na Ƙwarai

Tambaya:

Malam, na kammala digirin farko a fannin ilimin halittu, kuma burina shi ne in yi aikin binciken namun daji. Na ga tallan shirye-shiryen horon sanin makamar aiki a kurmin Amazon da Borneo da Kosta Rika, inda ake cewa ɗalibi zai taimaka wa masu bincike, ya kuma tallafa wa al'ummomin da ke zaune a gefen daji. Mafi yawansu kuɗi suke nema a hannuna maimakon su biya ni. Wane irin aiki ake yi a can, kuma ta yaya zan bambance na ƙwarai da na bogi?

Amsa:

Ƙanwata, neman kuɗi a hannunki shi kaɗai bai isa ya nuna cewa shirin na bogi ba ne, domin tashar bincike a tsakiyar kurmi tana cin kuɗi ba kaɗan ba. Tashar Cocha Cashu da ke cikin gandun dajin Manu a ƙasar Peru, wadda aka kafa a 1969, sai an yi doguwar tafiya a kwale-kwale kafin a isa gare ta, kuma abinci da man fetur da magani duk ta wannan kogin suke bi. Dole wani ya ɗauki wannan nauyi. Tambayar da ta fi ta kuɗi muhimmanci ita ce wannan: bayanan da za ki tattara ina za su je, kuma wa zai ci gaba da riƙe aikin bayan baƙi sun koma gida? Shirin da ya ba ki gamsasshiyar amsa a kan waɗannan biyun, da wuya ya zama na banza, wanda kuwa ya yi ta kame-kame, ki bar shi komai kyan hotunansa.

Bari in fara da aikin kansa, domin a nan ne tsammanin ɗalibai da yawa yake saɓa wa abin da suke tararwa. Binciken namun daji a kurmi aiki ne na maimaita abu ɗaya kullum, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, har sai alƙaluma sun taru sun isa a fahimci wani abu daga gare su. Idan aka sa ki a ƙidayar tsuntsaye, za ki tashi tun duhu bai yaye ba, ki zura takalmin roba bayan kin zazzage shi saboda kunama da gizo-gizo, ki bi siririyar hanya da fitila a goshi zuwa wata bishiya da aka ɗaura wa ƙyalle mai lamba. A nan za ki tsaya minti goma ba motsi, ki rubuta duk tsuntsun da kika gani ko kika ji. Mafi yawansu ji za ki yi, ba gani ba, domin rassan sama sun haɗe sun rufe, kuma hasken da ke sauka ƙasa ɗan kaɗan ne. A gandun Manu an rubuta nau'in tsuntsaye fiye da 1,000, saboda haka makonninki na farko za su ƙare ne wajen horar da kunne, kina tsaye bayan wani ma'aikaci ɗan yankin da zai ji kuka ɗaya daga nesa ya faɗa miki sunan mai shi.

Manyan dabbobi kuwa, irin jaguwa, wato damisar nahiyar Amurka, sai mutum ya yi watanni bai sa su a ido ba. Da kyamarar tarko ake bibiyarsu: ƙaramar na'ura ce da ake ɗaurewa a gindin bishiya daidai gwiwa, tana ɗaukar hoto da zarar wani abu mai ɗumin jiki ya gifta. Aikinki shi ne zuwa canza batir da katin ajiya, ki goge laimar da ta taru a gilashin, ki kori tururuwar da ta mayar da akwatin gida, sa'an nan ki zauna gaban kwamfuta ki tantance dubban hotuna waɗanda da yawansu ganye ne kawai da iska ta kaɗa. Amma daga cikinsu ake gane kowace jaguwa da zanen jikinta, domin ba a samun biyu masu zane iri ɗaya, kuma da haka ake ƙiyasta yawansu a yanki. Haka awon itatuwa yake. A tsibirin Barro Colorado na ƙasar Fanama, inda cibiyar kimiyya ta Smithsonian ta Amurka take bincike, an keɓe fili mai hekta 50 tun 1980, ana auna kowane icce da kaurinsa ya kai santimita ɗaya, a daidai tsayin mita 1.3 daga ƙasa, ana kuma maimaita awon duk shekara biyar. Itatuwa ne fiye da 200,000, kuma hannayen mataimaka da ɗalibai ne suka auna su ɗaya bayan ɗaya. Ina ganin darajar wannan aiki ƙwarai, domin yawancin abin da duniya ta sani game da yadda kurmi ke girma da mutuwa da adana iskar kabon, daga irin wannan haƙuri ya fito.

Wannan ya kawo mu ga alamar farko ta shirin da ya kamata ki guje wa. Duk inda kika ga tallan yana nuna baƙo rungume da ɗan biri ko riƙe da wata dabbar daji yana murmushi, to ki yi hattara. Masu bincike na gaskiya ba sa barin sabon zuwa ya taɓa naman daji, kuma dalilin ba tsaurin banza ba ne. Manyan birai suna kamuwa da cututtukanmu, murar da mutum zai yi kwana uku ya warke tana iya kashe su. A gandun Taï na ƙasar Kodebuwa an tabbatar da cewa ƙwayoyin cutar numfashi na mutane sun hallaka biran cimfanzi da ake bincike a kansu. A Bwindi ta ƙasar Yuganda, ƙazuwa ta ɓarke a cikin goggon biri, wato gorila, a 1996, kuma likitar dabbobi Gladys Kalema-Zikusoka ta danganta ta da mutanen ƙauyukan da ke kewaye, abin da ya kai ta ga kafa ƙungiyar Conservation Through Public Health a 2003 domin kula da lafiyar mutane da ta birai tare. Shi ya sa ake sa takunkumin fuska, ake tsayawa aƙalla mita bakwai daga dabbar, wasu tashoshin ma sai sabon zuwa ya killace kansa na wasu kwanaki kafin ya shiga daji. Wurin da ya bar ki ki ɗauki dabba domin hoto, ya nuna miki cewa kuɗinki ya fi dabbar daraja a wurinsa.

Ɓangaren al'umma shi ne inda na fi so ki buɗe ido, domin a nan ne ake yawan rubuta kalmomi masu daɗi waɗanda babu komai a bayansu. Kurmi ba kango ba ne, akwai mutanen da suka rayu a cikinsa tun kaka da kakanni, kuma tarihin kare daji yana da tabon da ba a ɓoye shi. Lokacin da aka mayar da Bwindi gandun ƙasa a 1991, an fitar da mutanen Batwa daga dajin da yake gidansu, kuma har yau da yawansu suna fama da rashin ƙasa. Mutumin da aka raba da abincinsa da sunan dabba ba zai zama abokin dabbar ba. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma ayyukan da suka yi nasara a wannan fage duk sun bi wannan hanya.

Dubi abin da aka yi kusa da gandun Gunung Palung a ɓangaren Borneo na ƙasar Indonesiya, mazaunin birin orangutan. Da aka zauna da mutanen ƙauyuka aka tambaye su abin da ke sa su saran itatuwa, sai suka ce kuɗin magani ne babban dalili: idan yaro ya kwanta ciwo, bishiya ake sarewa a sayar. Sai aka buɗe asibitin ASRI a 2007, inda wanda ba shi da kuɗi zai iya biya da dashen itatuwa ko taki ko aikin hannu, ƙauyen da ya rage sara kuma a yi masa rangwame. Wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna cewa sarar daji ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari idan aka kwatanta da abin da ake tsammani in da babu shirin. A yankin Mamirauá na Amazon ɗin Brazil kuwa, masunta ne suka nuna wa masana yadda ake ƙidayar pirarucu, wani ƙaton kifi da kan haura mita biyu, wanda dole ya leƙo saman ruwa ya shaƙi iska lokaci-lokaci. Masuncin da ya ƙware yana zaune a kwale-kwale yana gane girman kifin daga yadda ya fantsama ruwa. Tun 1999 ake amfani da ƙidayarsu wajen yanke adadin da za a kama a shekara, kifin ya farfaɗo, masuntan kuma suka samu abin sayarwa bisa doka. A Budongo ta Yuganda, tarkon waya da ake ɗana wa gada da aladen daji yana guntule yatsun cimfanzi, kuma cikin masu bin daji suna kwance tarkon akwai tsofaffin mafarauta, domin su suka san inda ake ɗana shi.

A duk waɗannan misalai, ilimin da ya warware matsalar yana hannun 'yan yankin. Saboda haka kada ki je da tunanin cewa ke za ki koya wa ƙauye yadda zai rayu cikin wata biyu. Ki tambayi masu shirin mutum nawa ne 'yan yankin suke aiki da albashi, ko akwai su a cikin masu yanke shawara, ko akwai rubutacciyar yarjejeniya da al'umma, da kuma kaso nawa na kuɗinki ke tsayawa a ƙasar. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin shirye-shirye da yawa dillalai ne ke tallata su daga Turai ko Amurka, su cire nasu kafin su miƙa wa tashar saura. Sau da yawa idan kika gano sunan tashar kika rubuta mata kai tsaye, kuɗin zai ragu sosai. Ki kuma lura ko aikin da za a ba ki ba aikin da ya kamata a biya wani ɗan ƙauyen ba ne, kamar gini ko shara ko dafa abinci.

Game da ingancin binciken, ki nemi sunan masanin da ke jagorantarsa, ki duba ko ya buga sakamako a mujallun kimiyya, ki kuma nemi lambar izinin bincike daga hukumar ƙasar. A Peru, hukumar SERNANP ce ke ba da izini a gandayen da gwamnati ke karewa. Indonesiya tana da tsauri a kan baƙon da ya yi bincike da bizar yawon buɗe ido, don haka ki tabbatar da irin bizar da aikin ke bukata kafin ki sayi tikiti. Kada kuma ki yarda ki ɗauko ganye ko gashi ko jinin dabba ki tsallaka iyaka da shi ba tare da takarda ba, domin yarjejeniyar CITES kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, da ta Nagoya ta 2010 kan rabon amfanin albarkatun halittu, sun ɗaure wannan da doka. Ki roƙi a haɗa ki da mutum biyu da suka yi shirin a baya, ki tambaye su abin da suka yi a rana ta yau da kullum.

Lafiya ba a wasa da ita. Takardar shaidar allurar rigakafin cutar shawara tana fara aiki ne bayan kwana goma da yin allurar, kuma ƙasashe da dama ba sa barin shiga sai da shaidarta. Ki ga likita a kan rigakafin zazzaɓin cizon sauro da na haukan kare, musamman idan aikin ya shafi jemagu. A Amazon akwai cutar lishmaniya da wani ƙaramin ƙwaro ke sa wa, tana fara ne da gyambon da ya ƙi warkewa, a Borneo kuma matsattsaku ne zai zama abokin tafiyarki. Ki tambayi tashar awa nawa ne zuwa asibiti mafi kusa da ke da maganin dafin maciji, ki yi inshorar da ta ƙunshi kwashe majinyaci, ki kuma nemi ganin rubutacciyar dokarsu kan cin zarafin mata, domin tasha mai nisa wuri ne da ƙorafi ke da wuyar fita.

Idan kuɗin ya fi ƙarfinki, hanya ba ta toshe ba. Cibiyar Smithsonian a Fanama tana da horon da ake ba ɗalibi alawus. Ƙungiyar Tropical Biology Association tana gudanar da kwasa-kwasan daji na kimanin wata ɗaya, kuma ta daɗe tana ɗaukar nauyin ɗaliban Afirka. Gidauniyar Rufford da shirin Conservation Leadership Programme suna ba matasan masu bincike tallafin gudanar da nasu aikin, sai dai waɗannan sun fi dacewa da wanda ya riga ya ɗan goge. Akwai kuma ɗaliban digiri na uku da kan nemi mataimaki na wata uku zuwa shida, su ɗauki nauyin ci da kwana. A ganina wannan ta fi kowace hanya koyarwa, domin za ki ga bincike ɗaya daga tushe har zuwa nazarin alƙaluma, abin da mako biyu ba zai taɓa ba ki ba.

Kafin ki rubuta wa kowa, ki koyi sarrafa alƙaluma da manhajar R da zana taswira da QGIS, dukansu kyauta ne, ki kuma fara Sifaniyanci idan Peru ko Kosta Rika kika nufa. Sa'an nan ki karanta maƙala ɗaya ta masanin da kike so ki yi aiki da shi, ki aika masa gajeriyar wasiƙa da ta ambaci abin da kika fahimta a cikinta, da abin da kika iya, da watannin da za ki iya zama. Ki tambaye shi tun a wasiƙar farko ko zai ba ki takardar shaida bayan kin gama, da kuma ko za a sa sunanki da na ma'aikatan yankin a rahoton da zai fito.