Baƙin mutumin da ke tambarin garin Coburg

Salamu alaikum jama'a. To Alhaji, hoton nan da ka turo na murfin kwata mai zanen kan baƙin mutum, kana tambaya wai ko bawa ne, na san inda ka dosa, kana nufin ko izgili Jamusawa ke mana. A'a, ba bawa ba ne. Soja ne, kwamanda ma kuwa.

Garin Coburg ne, can arewacin jihar Bavaria, kuma tambarin garin ke nan: baƙin kai, jan leɓe, ɗan kunnen zinariya, bayansa ruwan ɗorawa. Tutarsu ma baƙi da ruwan ɗorawa ce. Mauritius sunansa, waliyyi ne a wajen Kiristoci. A labarinsu shi ya jagoranci wata rundunar Rumawa daga Thebes ta Masar, aka kashe shi don ya ƙi bin umarnin sarki na afka wa 'yan uwansa Kiristoci. Babbar cocin garin ma sunansa ta ci.

Amma ku ji inda nake so ku tsaya. Wa ya taɓa cire shi? 'Yan Nazi! Coburg fa shi ne gari na farko a Jamus da suka samu rinjaye a majalisarsa, tun 1929. A 1934 suka ce ba za su zauna ƙarƙashin kan baƙar fata ba, suka share shi, suka sa takobi mai alamarsu a ƙota. Sai 1945, da aka ci su da yaƙi, aka mayar da shi. To in da cin mutuncinmu ne, me zai sa mutanen Hitler su tsane shi haka? Ku faɗa min. Ai da sun ƙara masa girma ne ma.

Kada dai a ce na wanke su tas. Zanen kansa, leɓen nan da aka kumbura da ɗan kunnen, akwai abin dubawa, har takardar koke aka tara wa sa hannu a 2020 a canza shi, garin ya ƙi. Ga shi kuma a murfin kwata, kowa na takawa. Wannan kam... bari dai.

Abin da ke ci min rai a gidan nan, a turo hoto ba ko sunan gari, kafin a tambaya har an fara Allah ya isa. Alhaji ba da kai nake ba, kai ai tambaya ka yi.