Wanda ya kamo zomo a keji, ya ci gudu?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai nazarin harshe a jami'a. A darasin ilimin ma'ana an koya mana cewa sanin ma'anar jumla shi ne sanin yanayin da za ta zama gaskiya. To ga shi Hausawa na cewa "kowa ya ci zomo ya ci gudu", alhali maƙwabcinmu kiwon zomaye yake yi, in ya so nama sai ya miƙa hannu cikin keji ya kamo. Karin maganar ce ƙarya, ko ra'in ne ba shi da ƙarfi?

Amsa: Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ra'in da aka koya muku yana da tushe mai ƙarfi. In na ce maka "an yi ruwa a Katsina jiya", ba ka san ko an yi ko ba a yi ba, amma ka san abin da zai gaskata ni da abin da zai ƙaryata ni. Wannan sanin shi ne fahimtarka ga jumlar. Wanda ba ya jin Hausa, ko da ruwan a kansa ya zuba, ba zai iya cewa na faɗi daidai ba. Bajamushe Gottlob Frege ne ya share wannan hanya a ƙarshen ƙarni na 19. Alfred Tarski, masanin manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin kafa hujja) ɗan ƙasar Foland, ya tsara yadda ake fayyace gaskiyar jumla a 1933, sannan a 1967 Donald Davidson na Amurka ya ce a ɗora ma'anar harsunan mutane a kan wannan tsari. Richard Montague, shi ma masani ɗan Amurka, ya bi da lissafi mai zurfi a farkon shekarun 1970. Abin da ya sa na daraja aikinsu shi ne sun nuna yadda ma'anar doguwar jumla take haɗuwa daga ma'anar ƙananan sassanta, har mutum ya fahimci maganar da bai taɓa ji ba tun da aka haife shi.

Wanda ya karanta balaga, wato ilimin fasahar zance na Larabci, a zaure ba zai ji wannan baƙo ba. Malaman balaga sun raba magana gida biyu, habar da insha'i. Habar shi ne zancen da zai yiwu a ce wa mai shi "ka yi gaskiya" ko "ka yi ƙarya". Insha'i kuwa umarni ne, ko hani, ko tambaya, ko kira, ko fata. In ka ce "Allah ya kai damo ga harawa", babu mai ƙaryata ka, don addu'a ka yi. Haka waliyyi in ya ce "na ba shi aurenta" a gaban shaidu, da furucin nasa auren ya ƙullu. Ba'ingile J. L. Austin ya yi dogon nazari a kan irin wannan furuci a laccocinsa na 1955, ƙarnuka bayan malaman fiƙihu sun yi ta tattauna shi a babin aure da saki da ciniki.

Yanzu zomonka. Mai karin magana bai yi da'awar komai a kan zomaye ba. A sigarta ta fili jumlar tana da sharaɗin gaskiya, kuma maƙwabcinku ya rushe shi, wannan haka yake. Sai dai ba a wannan siga ake amfani da ita ba. Uwa ce za ta ga ɗanta ya gama karatu bayan shekaru na wahala, ta ce kowa ya ci zomo ya ci gudu. A bakinta zomo shi ne takardar shaida, gudu shi ne wahalar da ya sha. A nan ne maganar ta zama abin da za a gaskata ko a ƙaryata, kuma in wani ya san yaron sayen takardar ya yi, yana da damar cewa ba ta faɗi daidai ba. Shi ya sa "sauri ya haifi nawa" da "da zafi-zafi akan bugi ƙarfe" suke zaune lafiya a harshe ɗaya, kowace tana jiran yanayin da za a ɗora ta a kai.

Tambaya: Malam, mene ne bambancin Zara da Gamzaki? Kakata ta ce taurari biyu ne, wani kuma ya ce min ɗaya ne. (Daga wata malamar firamare a Maraɗi.)

Amsa: Malama, abu ɗaya ne a sararin sama, duniyar da Larabawa ke kira Zuhura. In ta bayyana a yamma bayan faɗuwar rana, Zara ce matar wata. In ta fito a gabas kafin ketowar alfijir, Gamzaki ne. Da wannan tauraro Frege ya kafa hujja a 1892, don mutanensa ma suna biyu suke kiran sa, na safe da na maraice. Dubi jumlolin nan: "Zara ita ce Zara" da "Zara ita ce Gamzaki". Dukansu gaskiya ne, kuma abu ɗaya ne ya gaskata su. Amma ta farko ba ta ƙara wa kowa sani ba, ta biyu kuwa labari ne da kakarki za ta yi mamakinsa, wataƙila ma ta musa. Ashe bayan abin da suna yake nunawa akwai hanyar da yake bi ya nuna shi, kuma wannan hanya tana cikin ma'ana. Kakarki ta riƙe sunayen daidai, ta san lokacin fitowar kowanne. Ki nuna mata wani abu: a kwanakin da Zara ke haskawa da magariba, ba a ganin Gamzaki da asuba.