Amsa: Laravel ya ƙi rubutu a cikin storage bayan ɗora shi a saba

Malam, ka ce ka ɗora manhajar Laravel (tsarin gina shafukan yanar gizo da PHP) a sabar Ubuntu, shafin ya ƙi buɗewa, yana nuna Permission denied a kan storage/logs/laravel.log. Galibi dalilin shi ne da asusun root (asusun mai cikakken iko a sabar) aka jawo fayilolin, sai ya zama shi ne mai su, alhali PHP-FPM, shirin da ke gudanar da manhajar, da asusun www-data yake aiki, kuma ba shi da izinin rubutu a can.

Fara duba mai su da ls -l storage/logs. Sannan daga cikin jakar manhajar ka buga:

sudo chown -R www-data:www-data storage bootstrap/cache
sudo chmod -R ug+rwX storage bootstrap/cache

Babban X ɗin nan da gangan ne: jakunkuna yake ba izinin shiga, ba ya mayar da fayilolin rubutu abin da za a iya kunnawa.

Don Allah kada ka bi masu cewa ka sa izinin 777, wato ka buɗe wa kowa damar karatu, rubutu da kunnawa. Shafin zai buɗe, amma kowane asusu a sabar zai iya canza fayilolinka.

Abin da ke dawo da matsalar kuwa shi ne kunna artisan (kayan aikin umarni na Laravel) da root, domin sabon fayil ɗin da ya ƙirƙira na root ne. Riƙa amfani da sudo -u www-data php artisan, har a cikin cron, wato mai kunna ayyuka da kansa a lokutan da aka tsara.