Da Gaske Akwai Dodon Kwango?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa a dazuzzukan Kwango akwai wata dabba mai dogon wuya, wai Mokele-mbembe, ragowar dinoso ce, wato manyan dabbobin nan na zamanin da. Gaskiya ne?

Amsa: Labarin ya daɗe a yankin Likouala na arewacin Jamhuriyar Kwango, musamman kusa da Tafkin Tele. Wani hafsan Jamus, von Stein, ya rubuta shi a 1913, Ba'amurke Roy Mackal kuma ya je nema a 1980 da 1981, bai dawo da ko ƙashi ɗaya ba.

Dinoso masu dogon wuya sun ƙare kusan shekara miliyan 66 da suka wuce. Kafin jinsi ya ɗore haka, sai da garke mai hayayyafa, kuma garke yana barin gawa da kashi da sawu. Tafkin Tele ma ba shi da zurfin ɓoye irin wannan jiki.

To me mutane ke gani? Giwa in tana iyo, jikinta a nutse yake, sai saman kanta da tsagin baya kawai a sama; hanci kuma ya miƙe kamar wuya. Dorina da babban kunkurun ruwa su ma suna ruɗar ido a hazo, daga nesa.

Ƙasusuwan dinoso na gaske, irin su Nigersaurus, a Gadoufaoua ta Nijar aka tono su.